Jijiya ta Biyar a Wuyan Ƙanwata

A bana na cika shekara tamanin da biyar, kuma al'amarin da zan ba da labarinsa ya haura shekara arba'in da aukuwa, tun zamanin da Birnin Kebbi da Argungu suke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, duk wani babban abu sai an ɗaga kai an dubi can. Ban taɓa rubuta shi ba sai yanzu, domin har yau ban gama yanke hukunci a kansa ba, ni kuwa ba a san ni da furta abin da ban tabbatar ba.

Gidanmu gidan karatu ne. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana cikin waɗanda alƙali kan aika wa idan shari'a ta buƙaci adilin shaida. Kamar kowane gida na mutunci muna da wanzaminmu na gado, wanda ubansa ya yi wa kakanmu aski, shi kuma ya yi mana askin suna da kaciya da ƙaho. Mahaifiyarmu tana da maƙoƙo, wannan kumburin wuya da ba baƙo ba ne a wajenmu, har ba a cika ɗaukarsa ciwo ba. Wata shekara nata ya yi laushi daga ƙasa, wanzamin ya taɓa, ya ce ya nuna, sakiya za a yi masa ruwan ya fita. Ina can wurin karatu a lokacin. Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ita ta riƙe mata kai, kuma daga bakinta na ji yadda aka yi: ƙarfen yana shiga, abin da ya fito ba ruwa ba ne, jini ne ja wur, yana tsartuwa yana tsayawa, yana tsartuwa yana tsayawa. Ba ta kai la'asar ba.

Da abin ya tsaya nan, da an ce ajali. To amma ba a jima ba kafin wannan rana mahaifinmu ya ba da shaida a kan iyakar wata gonar fadama, shaidar kuwa ta kayar da wanzamin. Ba wanda ya kai ƙara. A zaure mahaifinmu ya ce ƙaddara ce, amma da Juma'a ta zagayo wani wanzami dabam ya aika wa, kuma duk unguwa ta fahimci abin da hakan yake nufi. Kafin damina mutumin ya ɗauki zabirarsa da iyalinsa ya koma Argungu. Mutane suka ce mai gaskiya ba ya barin gari.

Ƙanwata, wadda muke ciki ɗaya, tana ƙarama aka yi wannan rashi. Da ta girma Allah Ya kai aurenta Argungun, gidan wani manomin shinkafa da albasa, mutum mai yawan dariya da saurin yarda da mutane, halaye biyu da ban taɓa ganin amfaninsu ba. Ta tarar wanzamin nan ne yake yi wa unguwarsu aiki. Ta ce askar gidansa ba za ta hau kan ɗanta ba, mijin kuwa ya bi ta, yana ɗauko wani daga nesa duk lokacin da ta haihu.

Bayan rasuwar mahaifinmu na zama ni ne uba gare ta. Sai ga nata wuyan ya fara tashi, kamar na mahaifiyarmu. Shekaru tana rufe shi da mayafi, har ya kai ba ta iya kwanciya rigingine, idan ta yi ruku'u numfashinta ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa cikin kara. Mijinta ya kawo ta gidana a Birnin Kebbi, ya ce an turo wani likitan fiɗa asibitin gwamnati, an ce hannunsa da kyau.

Muka shiga wurinsa mu uku. Saurayi ne a idona, ko da yake ya yi iyali, siriri, mai ƙarancin magana. Ya gaishe ni da ladabi, har ya ɗan rusuna. Da ya zo duba ta, sai ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin haɓarta ya ɗaga, ya karkatar da kanta gefe da babban yatsa a kan kunci. Na sha zama a gaban wanzamai tun ina yaro, kuma ba a makarantar boko ake koyon wannan kamun haɓa ba. Na dubi yatsun, dogaye masu faɗin farce, na dubi goshinsa. Da aka gama muka fito inuwar darbejiya.

Na ce da surukina, “Ɗan wane gida ne wanga yaro?”

Ya fara gyara hula. “Ai Malam, mutumin Argungu ne.”

“Na ji. Wane gida?”

“Malam, likita ai likita ne.”

“Ban tambaye ka aikinsa ba.”

Da ya ga ba mafita ya ce ɗan wanzamin ne, na tsakiya, wanda aka sa boko tun suna sababbin zuwa. Ya rantse bai ɓoye mini ba, ni ne dai ban tambaya ba. Ƙanwata tana jingine da gindin itacen tana jin mu. Na zaci za ta ce a mayar da ita gida, sai ta ce, “Yaya, ni na sani tun muna Argungu. Numfashi nika so. Amma in ka ce a'a, a'a ce.”

Nauyin ya dawo kaina ke nan. In na yarda, na miƙa wuyan ɗiyar mahaifiyata ga askar gidan da ya kashe ta, ko gidan da muke zaton ya kashe ta. In na ƙi, ga numfashi yana ƙara ƙuntata.

Washegari na koma ni da ita. Likitan ya sake dubawa, ya daɗe da yatsa a ramin wuyanta, wato kwarmin nan da ke inda ƙasusuwan ƙirji suka haɗu a sama. Ya ɗora abin sauraronsa a wurin. Daga nan ya ce ba zai yi aikin a ranar da ya sa a zuwanmu na farko ba, sai an ɗaga, kuma yana so dangi su ba da jini fiye da yadda aka saba nema.

Na ce, “Dalili?”

Ya ce, “Malam, ba ni yatsanka.”

Ban saba a kama mini hannu ba, amma na ba shi. Ya ɗora yatsana a ramin wuyan ƙanwata, a ƙasan kumburin. Wani abu yana bugawa a wurin, da ƙarfi, yana ture yatsan. Sai ya ce in taɓa nawa wuyan a daidai wannan wuri. Na taɓa, ban ji kome ba sai fata da maƙogwaro.

Ya ce abin da yake kumbura ya zama maƙoƙo wata tsoka ce da kowa yake da ita a gaban maƙogwaro, kuma a yawancin mutane jijiyoyin jini huɗu suke ciyar da ita, biyu daga sama, biyu daga ƙasa, dama da hagu. Mai fiɗa ya san inda zai tarar da su, ya ɗaure kowace kafin ya yanke. Amma Allah bai yi mutane a zubi ɗaya ba. Wani ta ƙasansa ɗaya ba ta nan sam, wani tasa ta biyo wata hanya, wani kuma yana da ta biyar, wadda take tasowa daga cikin ƙirji ta hau tsakiyar maƙogwaro ta gaba, inda ba a tsammanin kome. Idan aka yanke ta ba a sani ba, gindinta yakan zame ya koma bayan ƙashin ƙirji, inda hannu ba ya kaiwa da sauri.

“Ita tana da ta biyar ɗin ke nan?”

“Ina zato. Wannan bugun yana iya zama ita, yana iya zama wata babbar jijiya ce ta ɗan hau sama. Ba zan tabbatar ba sai na buɗe. Shi ya sa nake son jini a ajiye.”

Na ce ina tunanin kai ta babban asibitin Zariya. Bai canza fuska ba. Ya ce wannan haƙƙina ne, sai dai kada a jinkirta, kuma duk wanda zai yi aikin in gaya masa da bakina ya taɓa ramin wuyanta kafin ya ɗauki wuƙa.

Na fito da abin da ya fi wanda na shiga da shi nauyi. Na tashi a gidan da ake auna shaida, na kuma sani tun ina ƙarami cewa ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa, kome adalcinsa, saboda tuhuma. Ga yaro ya san ni, ya san ɗiyar wa ke gabansa, sai kuma ga shi ya zo da labarin wata ɓoyayyar jijiya a tsakiyar wuya, wadda mai yanka ba zai san da ita ba sai jini ya tsartu. Ina wankin da ya fi wannan ga sunan ubansa? Kuma idan ƙanwata ta mutu a hannunsa, ya riga ya shimfiɗa uzurinsa, ya ma sa yatsana ya zama shaida.

Na shiga bincike irin nawa. Da na koma gida na kira uwargidana na ce ta ɗaga haɓa.

Ta ce, “Mi kaka nema ga wuyana, Malam? Sarƙar da ba ka saya ba?”

Na taɓa, babu kome. Na taɓa na 'ya'yana manya. A majalisar da muke zama bayan la'asar na taɓa na abokaina ɗaya bayan ɗaya, har wani tsohon ɗan kasuwa a cikinmu ya ce ko na koma sayen raguna ne, a gaya masa ya kawo nasa. A wasu na ji ɗan motsi can ciki, wanda sai an danna ake jinsa. Irin na ƙanwata, mai ture yatsa, ban same shi a wuyan kowa ba. Wannan dai ba ƙirƙira ba ce, domin likita ba ya iya dasa bugu a jikin mutum.

Sai na tafi wurin goggo. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, idonta ya yi rauni, amma hankalinta garau. Ban gaya mata kome game da likitan ba. Na ce ta nuna mini daidai inda ƙarfen ya shiga a wuyan mahaifiyarmu. Ta ce mene ne na tono abin da ƙasa ta rufe. Na ce ina da dalili. Ta lalubo rigata, ta hau da hannu har wuyana, ta dasa yatsa a ramin nan, a tsakiya, ba dama ba hagu.

Ta ce, “Nan. Kuma kafin ya sa, sai da na ga wurin shina motsi. Na ɗauka tsoro ne ya sa zuciyarta bugawa.”

A hanyar komawa na ga wannan ma bai warware kome ba. Idan goggo ta san wurin, wanzamin ya fi ta sani, kuma abin da uba ya sani ɗansa yana iya ji. Sa'an nan idan goggo ta ga wurin yana motsi, shi mai ƙarfen bai gani ba? Wanzamin da ya shekara yana sa ƙaho bai san bugun jijiya ba? Jijiyar tana iya wanke shi, tana kuma iya zama ita ce ya nema.

Zancen Zariya kuwa bai yi nisa ba. Damina ta sauka, hanya ta ɓaci, kuma wata safiya ƙanwata ta sarƙe da kunu har leɓɓanta suka canza launi, muka yi ta fifita. Da ta farfaɗo ta kafa mini ido. Na aika a gaya wa likitan na yarda, bisa sharaɗi ɗaya. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin fiɗa, ɗiyar maƙwabcinmu, wadda a zaurenmu ta yi karatun allo. Na ce sai tana tsaye a wurin daga farko har ƙarshe. Aka ce ai dama aikinta ne. Na kira ta gefe na ce ba aikinta nake nufi ba, idonta nake so, ta dubi abin da hannunsa yake yi, ta kuma dubi ko akwai jijiyar.

Ta ce, “Baba, kana so in tsare likita ko in miƙa masa almakashi?”

Na ce, “Duka biyun.”

Surukina ya cika mota da danginsa daga Argungu, masunta da manoma, don ba da jini. Suka cika barandar asibiti da hayaniya, suna yi wa junansu ba'a, wai jinin wane rabinsa romon kifi ne, za a ƙara wa mara lafiya ta tashi tana neman kogi. Ni ma na miƙa hannuna aka ɗiba. Na tsaya har na ga inda aka kai kwalaben, domin a wancan zamani ana yawan maganganu a kan inda jinin asibiti yake tafiya, ni kuwa ban ga laifin mutum ya bi abinsa da ido ba.

Aka shiga da ita da hantsi. Aka yi azahar ba su fito ba. Surukina ya daina dariya, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, yana murza hularsa. Can sai na ga wani ma'aikaci ya fito da sauri ya koma da kwalbar jini. Na miƙe tsaye. Abin da ya zo mini a rai a wannan lokaci shi ne, da hannuna na kawo ta, kuma gidan nan sun gama da mu sau biyu.

Gab da la'asar aka turo ta, wuya a naɗe, tana numfashi, numfashi mara ƙara, irin wanda na manta tana da shi. Ɗiyar maƙwabcinmu ta biyo gadon, ta tsaya a gabana tana kwance ƙyallen bakinta.

Na ce, “Akwai?”

Ta ce, “Akwai, Baba. Kaurin karan shinkafa, ta taso daga ƙasa ta tsakiya, tana bugawa. Sai da ya bi ta a hankali ya ɗaure ta wuri biyu kafin ya yanke tsakani. Abin da ya ɗauki lokaci ke nan. Jinin da aka ƙara na tsokar ne, ta yi girma ƙwarai.”

“Da idonki?”

“Ni na miƙa masa zaren.”

Da ƙanwata ta fara magana muryarta a dushe take, na sake ɗaure fuska, amma kafin a sallame ta ta washe. Ranar sallamar na sami likitan shi kaɗai. Na yi masa godiya yadda ya dace, ba ƙari ba ragi. Sa'an nan na yi masa tambayar da na daɗe ina shiryawa, na kuma shirya ta ne a matsayin tarko. Na ce ya san ko ni ɗan wace ce. Ya ce ya sani. Na ce to, abin da ya tarar a wuyan ɗiya, shi ne ya kasance a wuyan uwa?

Ya dubi yatsunsa. Ya ce, “Malam, wannan na gani, wancan ban gani ba. Ban san ana gadonta ba, ban kuma san ba a gado ba. Ba zan ce maka abin da ban sani ba.”

“Mahaifinka fa, me ya ce?”

“Bai taɓa yi mana zancen ba. Abin da na sani, tun da na yi wayo ban ga ya yi wa kowa sakiya ba.”

Na buɗe masa ƙofa ya wanke ubansa da kalma ɗaya, ya ƙi shiga. Maƙaryacin shaida da ya yi tsalle ya kama. Amma kuma na ga shaidu masu wayo a zauren alƙali, waɗanda suka san ƙin faɗa yakan fi faɗa shiga zuciya. Wanne ne shi a ciki, ban sani ba.

Ƙanwata ba ta tsaya wannan awo ba. Da ta haifi autanta bayan shekara biyu ko uku, na je Argungu suna. Bayan an raɗa suna an yi addu'a, sai na ga an shimfiɗa tabarma a zaure, wani magidanci ya shigo da zabira, a bayansa wani tsoho tukuf yana dogara sanda. Ban buƙaci a gaya mini ba. Tsohon wanzaminmu ne, da babban ɗansa wanda ya gaji sana'ar. Ƙanwata ce ta aika musu, ba ta kuma shawarce ni ba. Tsohon ya zauna a gefe, muka gaisa gaisuwar mutanen da suka san juna, ya tambayi mutanen Birnin Kebbi, na ce suna lafiya. Aka kawo jaririn aka aske shi tas, ko ƙwarzane babu.

Da aka gama, ɗan tsohon ya wasa askarsa a fata, ya dube ni ya ce, “Malam, ko a ɗan rage maka? Na ga ya taru.”

Kowa a wurin ya san abin da zama a wannan tabarma yake nufi, kamar yadda kowa ya san abin da mahaifinmu ya nufa ranar da ya aika wa wani. Na dubi ƙofar cikin gida, na hangi ƙanwata a bayan asabari, da siririn tabo a wuyanta. Na cire rawanina na zauna. Ya jiƙa kan, ya aske shi daga goshi har ƙeya, hannunsa da sauƙi, wannan ba zan hana masa ba. Sai ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin haɓata ya ɗaga, don ya gyara gefen gemu ya gangara wuya. Na riƙe tsintsiyar hannunsa, na ce masa nan ya isa, gemun ni nake gyara abina. Ya ce to, ya ninke askar. Tsohon bai ɗaga kai ba.

Wanda yake shakkar wani abu a cikin wannan labari yana da inda zai tambaya. Goggo da surukina da tsohon wanzamin sun riga mu gidan gaskiya. Amma ɗiyar maƙwabcinmu da ta miƙa zaren tana nan da ranta a unguwar Badariya, ta yi ritaya, ita ta ga jijiyar. Ƙanwata tana Argungu da tabonta, ita ta ga zaman tabarmar ta bayan asabari, kuma wanzamin da na riƙe wa hannu har yanzu shi yake yi wa jikokinta aski.